Koyon Walda a Shagon Oga: Daga Jan Waya Har Zuwa Yaye

Akwai yaron da zai shekara huɗu a shagon walda, ya fito bai iya haɗa tagar da za ta zauna a gurbinta ba sai an fasa bulo. Akwai kuma wanda shekara biyu kacal oga zai bar masa shago ya tafi Ƙofar Ruwa sayo ƙarfe, hankalinsa kwance. Da wuya ka tarar kaifin ƙwaƙwalwa ne ya raba su. Na farkon zama ya yi yana jiran ranar da za a ce masa "zo in koya maka", ranar kuwa ba ta zuwa, don a shago kowa aikin gabansa yake yi. Na biyun ya san abin da ya kamata hannunsa ya kama a kowane zango, ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ni a sahun farko na soma. Wata bakwai na yi a wani shago ina kankare tsatsa, ina jan waya, ina sayo wa manya shayi da burodi, ban taɓa riƙe holda ba, wato abin da ake maƙala sandar walda a riƙe. Sai da mahaifina ya sauya mini wuri sannan na gane ashe abin yana da tsari. Shi zan shimfiɗa a nan, yadda nake bi da yaran da ake kawo mini yanzu.

Zaɓen oga

Kada kusa da gida ya zama shi ne ma'auninka. Zaga shago uku ko huɗu, ka tsaya daga gefe kamar mai jiran wani, ka yi awa guda kana lura. Wa yake walda? In oga ne kaɗai da holda, yara biyar na tsaye suna riƙe masa ƙarfe, to kai ne na shida. In kuwa babban yaro ne yake haɗa aiki, oga yana leƙowa yana gyara masa, nan ana koyo.

Sai irin aikin da ke shigowa. Shagon da ba ya yin komai sai ƙofa da taga, ƙofa da taga zai ba ka. Wanda yake haɗawa da get, da ƙafar tankin ruwa, da rumfa, da kurar 'yan garuwa, da gyaran injin markaɗe, ya fi shi faɗin ilimi nesa ba kusa ba. Shi ya sa waɗanda suka tashi a wuri irin Panteka ta Kaduna suke fitowa ido a buɗe: a layi ɗaya yaro zai ga mai ƙera injin, da mai murhu, da mai baro, kowa da dabararsa.

In ka samu dama, juya ƙofar da suka gama ka dubi bayanta da ƙasanta, inda fila, wato ƙullin cike ramuka, da fenti ba su rufe ba. A nan hannun mutum yake bayyana. Duba kuma ko akwai janareta, don shagon da ya dogara da wutar Nepa kaɗai rabin ranarsa hira ce. Daga ƙarshe tambayi maƙwabta: yara nawa mutumin nan ya yaye, kuma ina suke yanzu?

Maganar da za a yi kafin ka fara

Yadda muka saba shi ne uba ya kamo hannun yaro ya ce, "Malam, ga ɗanka nan, amana," oga ya ce, "Allah ya ba mu ikon riƙewa," shi ke nan an gama. Addu'ar tana da kyau, amma ba ta hana rigima bayan shekara uku. A zauna gaban shaidu biyu a rubuta: tsawon lokacin koyo, lokacin zuwa da na tashi, ranakun makaranta ko Islamiyya in yaro yana yi, ko akwai sallamar yamma, wa zai ɗauki magani in an ji rauni a bakin aiki, da abin da ake bukata ranar yaye. Ni nakan ƙara layi ɗaya da ba a saba sawa ba: watan da yaro zai fara riƙe holda. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta san da wannan, ta ce yarjejeniyar koyon sana'a a yi ta a rubuce, kuma kada ta wuce shekara 5. Ga mai zuwa kullum a shago mai aiki, shekara biyu zuwa uku sun isa.

Ido tukuna

Kafin tef, kafin guduma, abin da za ka fara mallaka shi ne abin rufe fuska mai baƙin gilashi lamba 10 ko 11. Naka na kanka, ba na aro ba. Baƙin tabarau na gayu da ake sayarwa a bakin titi ba ya wannan aikin, haka ma kawar da kai ko runtse ido a daidai lokacin da wuta ta tashi, wanda za ka ga manya suna yi suna taƙama.

Makona na biyu a shago na tsaya ina riƙe wa wani babban yaro angul, ƙarfen nan mai siffar L, ina kallon hasken don sha'awa. Lafiya lau na koma gida, na ci tuwo na kwanta. Wajen ƙarfe biyun dare na farka kamar an watsa mini yashi mai zafi a ido, hawaye na zuba, ko hasken fitila ba na iya kallo. Haka ciwon yake, sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu yake tasowa, don hasken ya ƙona fatar ƙwayar idon ne. Kakata ta taso da madara za ta ɗiga mini. Kada ka yarda a ɗiga maka madara, ko ruwan sukari, ko ruwan albasa. Kada ka murza. Jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ka ɗora a kan ido a rufe, ka zauna a duhu. Yawanci kwana ɗaya zuwa biyu ya wuce. In ya zarce haka, ko ganinka ya ragu, ko kana zargin ɓarɓashin ƙarfe ne ya shiga, asibiti kai tsaye. Kada wani ya sa maka tsinken ashana ko bakin takarda da sunan cirewa. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa, a Kano akwai asibitin ido na ECWA, ban da sassan ido na manyan asibitoci.

Sauran kayan: farin tabarau don aikin giranda (injin yanka da goge ƙarfe), safar hannu ta fata, rufaffen takalmi, da riga da wando na auduga. Rigar ƙwallo ta leda in tartsatsi ya faɗa mata narkewa take ta manne a fata. Silifas kuwa, duk wanda ɗigon narkakken ƙarfe ya taɓa sauka tsakanin yatsunsa ba sai an yi masa wa'azi ba. Da damina ka kula sosai: kada ka sauya ilaktirod, wato sandar walda, da jiƙaƙƙen hannu, kada ka tsaya a ruwa, samu busasshen katako ka taka. Injinan da ake naɗawa a gida suna da ƙarfi suna da araha, amma bakin wayoyinsu a tsirara yake, kuma wutar da ke holda ko ba a walda ta isa ta kashe mutumin da jikinsa ke jiƙe.

Watannin farko: tef da sunayen kaya

Aike da shara da jan waya ba za ka tsallake su ba, kowa ya yi. Abin da za ka yi shi ne ka ci ribarsu. In an aike ka kasuwa, ka riƙe sunan kowane ƙarfe da girmansa: fayif mai kusurwa huɗu inci ɗaya, ɗaya da biyu, biyu da biyu, angul, filat (siririn ƙarfe mai lebur), rodi, falet (faffaɗan ƙarfe) mai ƙafa 4 da 8. Ka riƙa ɗaga su kana jin nauyi, har ya zama da hannu kana bambance fayif mai kaurin milimita 1 da mai 1.5. Wannan ilimin zai hana a cuce ka, kuma in ka kula zai nuna maka yadda wasu suke cutar masu ba su aiki.

Sai tef. Mutane suna ɗauka walda ita ce sana'ar, alhali a aikin ƙofa da taga ita ce ta ƙarshe kuma mafi gajarta. Awo da yanka da daidaitawa su ne suke cin ranar. Sayi tef naka mai mita 5, ka zauna da shi kamar allo. Gefe ɗaya inci ne, kowane inci an raba shi gida 16, ka san rabi, da kwata, da ɗaya bisa takwas ba tare da ƙirga layuka ba. Ɗaya gefen milimita ne. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, ƙafa ɗaya inci 12. Ga tarkon da ya kama mutane da yawa: birkila zai ce maka taga "ƙafa huɗu" ce, zanen injiniya kuma ya ce 1200. Ba ɗaya ba ne. Ƙafa huɗu milimita 1219 ce, bambancin ya kusa santimita biyu, ya isa ya hana taga shiga. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a wannan sana'ar ko oga ya faɗa maka awo, in kai za ka yanka, sake ɗora tef.

Giranda

Ta fi injin walda yawan kai mutane asibiti, don haka ba na barin yaro ya taɓa ta sai ya kalli manya na makonni. Faifan yanka siriri ne, na goge mai kauri ne, kada ka goge da gefen na yanka, fashewa yake. Kowane faifai an rubuta masa iyakar gudun da zai ɗauka. Ƙaramar giranda mai inci huɗu da rabi ta fi babba mai inci 9 gudu sosai, shi ya sa ɗora wa ƙarama babban faifai bayan an cire murfin kariya ganganci ne tsagwaronsa, ko da kuwa ka ga ana yi kullum. Murfin ya zauna. Zare waya daga soket kafin ka sauya faifai, musamman in an ɗauke wuta, don ba ta sallama in za ta dawo. Ƙarfen da za ka yanka ya zama a danne, ɓangaren da zai faɗi ya faɗi ta yadda tsagar za ta buɗe, kada ta matse faifan. Kuma dubi inda tartsatsinka yake zuwa, jarkar man janareta takan zauna a inda ba a zata ba.

Ka yi ta yanka guntaye har ka iya bin layi, ka bar layin a jikin ɓangaren da kake so, don faifan yana cin kusan milimita biyu zuwa uku.

Ranar da ka kama holda

Nemi guntun falet mai kaurin milimita 5 ko 6 a cikin tarkacen shago, ka goge shi ya yi fari, ka ja masa layuka da alli. Maƙala wayar at, wato waya ta biyu ta injin wadda ake maƙalawa a jikin aiki, a ƙarfe mai tsabta, ba a kan fenti ko tsatsa ba. Rabin matsalar "injin ba ya ja" daga nan take.

Ilaktirod ɗin da za ka fi gani shi ne mai lamba 6013. Lambar tana da ma'ana: 60 ƙarfin waldar ne, 1 na nufin ana iya yi da shi a kwance, a tsaye, ko sama da kai, 3 kuma irin garin da aka lulluɓe shi da shi. A kasuwa da geji ake kiransa. Geji 12 shi ne milimita 2.5, yana son amfiya, wato ma'aunin ƙarfin wuta, wajen 60 zuwa 90. Geji 10 shi ne 3.2, yana son wajen 90 zuwa 130. In injinku na gida ne marar lamba, tambayi oga wane baki ne na wane geji, ka riƙe.

Ƙyasta shi kamar ashana, da wuta ta kama ka ɗan ɗaga, tazarar kada ta wuce kaurin ƙarfen ilaktirod ɗin kansa. Zai manne maka sau ashirin a ranar farko. In ya manne, murɗa shi gefe da sauri, in ya ƙi, saki holda kafin ya yi ja. Karkata shi kaɗan zuwa inda za ka, ka riƙa jan sa, kana sauke hannu a hankali don yana ƙarewa ne yana gajarta. A nan sabon hannu yake faɗuwa: ya manta da saukewa, tazara ta yi tsawo, wuta ta yi ta fesa tartsatsi.

Abin da na fi daɗewa ban gane ba, kuma ba wanda ya faɗa mini, shi ne inda ake kallo. Bar hasken. Dubi bayansa kaɗan, akwai wani ɗan tafki na narkakken ƙarfe yana ƙyalli, da wani abu mai duhu yana yawo a kansa yana komawa baya. Tafkin shi ne waldar, mai duhun shi ne kashin da za ka ɓamɓare daga baya. Aikinka ka riƙe faɗin tafkin nan daidai tun daga farkon layi har ƙarshe. Ranar da idonka ya raba su biyun, ranar ka fara walda.

Kunne ma yana aiki. In komai ya daidaita, ƙarar kamar ta ƙosai ce a cikin mai, ba yankewa. Bayan ta huce ka ƙwanƙwasa kashin, da farin tabarau a idonka don yana tsalle, ka karanta abin da ka yi. Ta yi tudu siririya kamar igiya a kan falet: wuta ta yi kaɗan ko ka yi sauri. Tartsatsi ko'ina, gefunan sun zaizaye kamar kwata: wuta ta yi yawa. Ƙananan ramuka kamar saƙar zuma: datti, ko fenti, ko ilaktirod ya sha danshi. In kashin ya ɗago da kansa kamar ɓawon rogo, ƙasansa ga layi mai tsari, to ka samu.

Cika falet ɗin da layuka, kowane yana hawa rabin na kusa da shi, ka juya bayansa ka sake. Kada ka jira shago ya ba ka ilaktirod na gwaji, ba za a ba ka ba. Tara guntayen da manya suke yarwa, ka ƙara da na kuɗin sallamarka, ka roƙi oga rabin awa a lokacin da janareta yake kunne don wani aiki.

Daga nan sai haɗi: baki da baki, wani a kan wani, kusurwa, da mai siffar T. Wannan na ƙarshen shi ne alƙalinka. Yi masa walda gefe ɗaya, ka ɗaure a bayis, wato abin matse ƙarfe, ka sa guduma ka karya. In ya ɓalle ka ga fuskar ƙarfen sumul kamar ba a taɓa ta ba, waldarka kwanciya ta yi a sama, ba ta ci ba, ko da ta yi kyau a ido. In sai da ƙarfen ya lanƙwashe yana turjiya, hannunka ya fara faɗawa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ƙarfen da kaurinsa ya wuce milimita 5 ko 6 kuwa, sai ka fere bakinsa da giranda ya yi kwari, ka bar 'yar tazara, sannan wuta ta kai gindi.

Walda a tsaye ita ce take raba yara da manya. Rage wuta kaɗan, fara daga ƙasa, ka gina ɗan dandamali, ka riƙa hawa kana ɗan tsayawa a kowane gefe kana wuce tsakiya da sauri. Ta sama da kai kuma a rufe wuya da kunne, a matse tazara. Siririn fayif na taga kuwa, wanda shi za ka fi yi, ba ya ɗaukar dogon ja, hujewa yake. Geji 12, wuta ƙasa, ɗigo-ɗigo: ka ɗiga, ka ɗaga, jan ya fara dushewa, ka sake ɗigawa a gefensa. In ka huda, da haka ake cikewa, daga bakin ramin zuwa ciki.

Tagarka ta farko

Mu ɗauka an ba ka bogilari na taga, wato ƙarfen kariya daga ɓarayi. Je ka da kanka ka auna gurbin, zuwa da kai ya fi aike. Auna faɗi a sama, a tsakiya, a ƙasa, haka ma tsayi a wuri uku, don da wuya ka samu ginin da ya miƙe sak. Ɗauki mafi ƙanƙanta, ka rage kamar santimita ɗaya na shiga. Rubuta a littafi, ba a tafin hannu ba.

A ce firam ya tashi milimita 1200 da 1200, da fayif inci ɗaya. Guda huɗu kenan, mita 4.8, sanda ɗaya ta isa don takan kusa mita 6, amma auna ta, wata ba ta cika ba. Yanke bakunan a digiri 45 don kusurwa ta rufe ruwa kada ya shiga. Shimfiɗa su a wuri mai lebur, ka sa sikwaya, wato abin daidaita kusurwa, ka ɗiga walda ɗaya a kowace kusurwa. Ɗigo kawai. Sai ka ja tef daga kusurwa zuwa wadda take kallonta a karkace, ka sake a ɗaya ɓangaren. In awon biyu sun zo ɗaya, wajen 1697, firam ya daidaita. In sun saɓa, buga doguwar kusurwar a ƙasa a hankali har su haɗu. A babban aiki irin get inda sikwaya ta yi ƙanƙanta, auna santimita 60 a gefe ɗaya, 80 a ɗaya gefen, tsakaninsu dole ya ba ka 100.

Dalilin ɗigon shi ne ƙarfe yana buɗewa da zafi, in zai huce ya tsuke ya jawo abin da ke kusa da shi. Ƙofar farko da aka bar mini na cika kusurwa ɗaya tas kafin in taɓa sauran, ina jin daɗin yadda layin ya fito. Da muka kai gidan, ƙofa ta tsaya a karkace kamar mai ciwon ƙugu. Oga bai yi faɗa a gaban mai gida ba. A hanya ya ce, "Kai yaro, gobe kai za ka yanke ta, kuma faifan daga aljihunka." Don haka cika walda a tsallake: wannan kusurwa, sai mai kallonta, ka juya firam, ka sake ja tef kafin ka ci gaba.

Sandunan ciki kuma da lissafi ake raba su. Cikin firam ya rage 1150. In za ka sa rodi 9 mai milimita 12, sun ci 108, saura 1042, ka raba gida 10, kowace tazara 104. Yanke ɗan guntun ƙarfe mai wannan tsawon ka riƙa sa shi tsakani, ya fi ɗora tef sau tara. Tazarar da ba ta wuce haka sosai ba ita ce take hana kan ƙaramin yaro shiga. Kuma ka saba tun yanzu da ba masu gida shawara a bar taga ɗaya a kowane ɗakin kwana mai buɗewa daga ciki. Da sanyin hunturu gobara takan tashi, ƙarfen da muka yi don ɓarawo ya tsare masu gidan.

Goge walda ba tare da ka cinye ta ba, ɓamɓare kashi duka, sa jan fenti mai hana tsatsa har ƙasan firam, sannan fenti na ado.

Abin da ba a ɗora wa wuta da ka

Tankin mota, duro, jarkar ƙarfe, duk abin da ya taɓa ɗaukar fetur ko gas ko sinadari, ko an ce ya shekara a bushe, ba aikin mai koyo ba ne. Tururin da ya rage a ciki shi ne yake fashewa. In an kawo oga ba ya nan, a jira shi. Fayif na galbanais, mai rufin nan na hana tsatsa, yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon jiki da dare. Goge rufin a inda za ka yi walda, yi a fili, iska ta kwashe hayaƙin daga fuskarka. Gwangwanin madarar da ake sha bayan aiki abinci ne, ba ya wanke huhu. Ƙarfen kas, irin na jikin injin, yana son nasa ilaktirod, a ɗumama shi kafin walda, a binne shi a yashi ko toka ya huce a hankali, in ba haka ba ya tsage a gefen waldar. Sitenles ma nasa daban, alminiyom kuwa 6013 ba ya kama shi sam. In shagonku ana waldar kabaid, wato ta gas, riƙe wannan tun ranar farko: mai ko giris ba sa kusantar kan tukunyar iskar oksijin.

Kuɗi

Da yawa sun iya walda, lissafi ya rufe musu shago. A shekararka ta ƙarshe ka riƙa yin naka lissafin a ɓoye duk aikin da ya shigo, ka gwada da na oga. Ƙarfe, hinji da sakata da makulli, ilaktirod, faifai, fenti da tina, man janareta, dako, kafawa, sannan ladan hannu. Ƙananan nan na tsakiya su ne sabon mai shago yake mantawa, ya gama aiki ya ga ba riba. Farashin ƙarfe ba ya zama, don haka kira kasuwa a ranar da za ka faɗi kuɗi, kuma ka faɗa wa mai aiki kwana nawa maganar za ta tsaya.

Kafin alƙalami kuwa na kaya ne, a sayo su a ranar. Wanda ya yi cefane da shi, sai ya jira na mutum na gaba ya sayi kayan na baya, daga nan ƙarya ta fara, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In mai aiki ya ce kuɗin ya yi yawa, nuna masa fayif biyu, mai kauri da marar kauri, ya zaɓa da bakinsa.

Yaye da takarda

Kafin ka nemi yaye, ka tabbata kai kaɗai za ka iya zuwa awo, ka fitar da jerin yanka, ka faɗi kuɗi, ka haɗa get mai hinji ya buɗe da yatsa ɗaya, ka kafa shi. A yi walima daidai ƙarfi, a yi addu'a, oga ya sa albarka ya ba ka takarda. Rabuwar arziki tana da amfani ko ta fuskar kasuwa, don aikin farko sau da yawa shi zai turo maka.

Takardar oga a unguwa take aiki. In kana hangen kamfani ko aikin gwamnati, nemi ta hukuma. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana gwajin sana'a mai mataki uku, ana farawa daga na 3 a hau zuwa na 1. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna tana kula da tsarin shaidar ƙwarewa ta ƙasa, wanda yake auna abin da hannunka ya iya ko da a shago ka koya. Akwai jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci, akwai kuma horon da hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF, wadda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, da hukumar samar da aikin yi ta NDE suke shiryawa lokaci-lokaci, sai ka riƙa leƙa ofisoshinsu na jiha.

Babban kuɗin walda yana wajen bututun mai da gas da manyan gine-ginen ƙarfe. Can za ka haɗu da ilaktirod 7018 da ake ajiyewa a ɗumi don kada ya sha danshi, da waldar da ake yi da iskar agon, da karatun zane. Gwajin da suka fi girmamawa shi ne 6G: a kafe bututu a karkace digiri 45, ka zagaye shi da walda ba tare da an juya shi ba, sannan a duba cikinta da na'ura. Cibiyar horon man fetur ta Effurun a jihar Delta tana cikin wuraren da aka sani da wannan fanni.

In kuwa shago za ka buɗe, ba sai ka tara komai ba. Fara da ƙaramin injin walda na zamani da ake kira inbata, don ba shi da nauyi, ba ya jan wuta kamar injin tiransifoma, kuma za ka iya ɗora shi a babur zuwa gidan mai aiki. Sai ƙaramar giranda, da injin huda, da bayis, da waya mai kauri ta jan ƙarfe. Teburin aiki kai za ka haɗa abinka, ka ɓata lokaci a kansa ya yi lebur, don duk firam ɗin da zai fita daga shagon a kansa zai kwanta. Kafin ka biya haya ka yi magana da maƙwabta kan ƙara da wuta, ka nisanci mai sayar da fetur a jarka. Sannan ka kafa kwano biyu tsakanin inda kake walda da bakin titi, saboda yaran makaranta in sun taso tsayawa suke yi suna kallon hasken.